Na tura wa dattijon da ya taimake mu kuɗi ya mayar min, wai laifi na yi?

Ɗan_Yelwa_Garwa:

Slm jama'a barkanmu da war haka. Dan Allah ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya min a rai kusan sati uku kenan, madam ma ta gaji da ji ta ce in je in tambayi duniya.

Ni ɗan Garwa ne a arewacin Kamaru, ina da ɗan shagon kayan waya, caja da batir da su kwandon waya. Watan jiya muka je Gaundare suna gidan yayar matata, ni da ita da yaronmu ɗan shekara biyu da rabi. A dawowa ba mu sami motar safe ba sai ta yamma, muka sauko gangaren dutsen nan da ake kira falez lafiya, wanda ya san hanyar ya san yadda ake riƙe numfashi a wurin, mun wuce Mbe kaɗan kenan sai mota ta fara tari ta mutu. Direba da yaronsa suka shige ƙarƙashi, aka yi magariba aka yi isha, can suka fito suka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Gaundare gobe. To dama yaron tun rana jikinsa da ɗumi, kafin ƙarfe tara ya zama kamar garwashi, ya fara sanƙarewa ido na juyewa, uwar ta fasa ihu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne a wayata akwai sama da jaka 200 (jaka ɗaya sefa dubu ce) a Orange Money, asusun kuɗi na waya, kuɗin kaya, amma a aljihuna jaka ɗaya ce da dala arba'in. Rezo, wato sabis na waya, babu, ko da akwai ma wa zai cire maka kuɗi a bakin daji ƙarfe goman dare? Ina riƙe da waya ina kallonta kamar wawa, ko ruwan leda ba za ta saya min ba.

Sai ga wani dattijo da tocila, ihun ne ya fito da shi, ashe gidansa na nan bayan titi. Ɗan ƙabilar Duru ne, manomin doya, Kirista, Hausa ba ya ji sai sannu, da Fillanci muka yi magana. Bai tambaye ni sunana ba balle garinmu, ya taɓa goshin yaron kawai ya juya ya tada ɗansa ya fito da mashin, aka ɗora madam da yaro, ni da shi muka bi a mashin ɗin maƙwabci har ɗan asibitin da ke kusa. Zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi allura aka sa ruwa, odonas, wato takardar magani, jaka 8 da ɗari biyar, dattijo ya zaro wata leda daga aljihun ciki ya kwance, takardun duk sun yi laushi don ajiya, ya ƙirga ya biya. Kwana biyu muka yi a gidansa. Aka kamo kaza ya miƙo min wuƙa ya ce ni in yanka da hannuna, ya san mu da maganar yanka. Ya kawo buta da tabarma ya nuna min gabas da sandarsa.

Ranar tafiya na shiga Mbe na cire kuɗi na ba shi jaka 8 da ɗari biyar ya karɓa ya mayar ledarsa. Na ɗora jaka 10 ya ture hannuna. Na ce to kunya ce, da na iso Garwa na tura jaka 25 ta lambar ɗansa. Washegari kuɗin suka dawo cif, har kuɗin turawa su suka biya. Na kira, ɗan ya miƙa masa, abin da ya ce kawai wai gidansa oberj ne, masaukin da ake biya? Ya tambayi jikin yaro ya kashe.

Tun ranar nake jin nauyi biyu, na alherin da na kunyar. Wai laifi na yi? Kuma ta yaya ake saka wa irin wannan mutum in ba da kuɗi ba? Ni fa gsky ban san wata hanyar godiya ba, haka muka taso, wanda ya ɗaga maka kaya ka ba shi na goro, har na fara tunanin anya kuɗi ba su cinye mana wani abu ba mu sani ba.

Sarkin_Shayi:

Hhhh malam ni turo min jaka 25 ɗin, wlh ba zan mayar ba, kuma zan riƙa gaishe ka safe da yamma. Allah ya ƙara wa yaro lafiya dai.

Baba_Alhaji_Gaundare:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne ke buga min wannan ni nake faɗa, in an ga kuskure nasa ne. Allah ya raya yaro.

Laifi ba ka yi ba amma ka yi wauta, kuma ba na ganin baƙinku don abin da kuka tarar kenan. Ka duba da kyau, jaka 8 da ɗari biyar ai ya karɓa, wannan rance ne, ya san adadinsa kai ma ka sani, an biya an wuce wurin. Kwanan da tuwon da tashin daren kuwa shi bai sa musu farashi ba, kai ka sa. Da ka tura jaka 25 abin da kunnensa ya ji shi ne ga naka, daga yau ba ni ba kai. Mai mashin ɗin da ya sauke ka kasuwa ka biya shi, kana komawa ka yi masa barka da sallah? To dattijon nan ƙin zama mai mashin ya yi.

Mahaifina fatoma ne a nan Gaundare, na taso zaurenmu ba ya rabo da baƙi, fatake daga Kano da Yola da Banyo, masu goro, masu shanu, masu kanwa, wani ya yi wata guda. Ban taɓa ganin an karɓi kuɗin kwana ko na tuwo ba, wanda ya gwada miƙawa ma zagi ne. Amma ba zan yi maka ƙarya da furfurata in ce don Allah kaɗai ake yi ba. Baƙo in ya sauka maigida ne ke nemo masa mai saye, shi ke tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, shi ke ajiye masa kuɗinsa, in ciniki ya faɗa ya ci la'adarsa. Riba na nan, alheri na nan, kwanonsu ne ba a haɗawa. Shi ya sa bayan shekara ashirin ɗan wannan bafatake zai sauko daga mota ya tambayi gidanmu, kuma in ɗayanmu ya je Kano ba ya neman masauki.

Su kuɗin da kake jin tsoron sun cinye ku, sau nawa suka canza riga? Kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce, ɗan ƙoƙon nan na teku da ake kawowa tun daga tsibiran Maldib, Fulani ma ceede da suke faɗa asalinsa wurin ne. A nan Adamawa an yi zamanin da ake ciniki da leppi, ƙyallen saƙi na auduga. Dalar da kake ƙirgawa sunan wani kuɗin azurfa ne mai hoton mace da aka buga wa 1780 a jiki, jaka kuma jaka ce ta gaske da ake zubawa a ɗaure, Fulani su ce booro. Yau wuri sai a wuyan yara ko a faifan masu duba. Ni da idona na ga Janairun 1994, muka kwana faran ɗaya na Faransa sefa 50 muka tashi 100, wanda ya tara don sayo kaya waje rabin ƙarfinsa ya tafi yana barci, ba ɓarawo ba gobara. A shekarar nan ni wani Babarbare da mahaifina ya taɓa saukarwa shi ya ba ni kaya ba ko sisi ya ce in na sayar in kawo, da shi na miƙe.

Abin yi mai sauƙi ne. Ka daina turawa ta waya, ka je da ƙafarka. Ka riƙe sukari da sabulu da ɗan gishiri, ka kai yaron ya gan shi yana gudu. Lokacin doya ka sayi tasa a farashin kasuwa, kar ka ƙara kar ka nemi ragi. Ka nuna masa ƙofar gidanka a Garwa, sauran kuma ka bar wa lokaci.

Mai_Kanti_Kusiri:

Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, maganarku dutse ce amma ku yi min afuwa ni ban gamsu duka ba, zamaninku daban namu daban.

Mu nan Kusiri saukar baƙo ba wasa ba ne yanzu. Tun bama-baman da suka tashi a Marwa a Yulin 2015 aka ce kowa ya yi baƙo ya sanar da blama, wato mai unguwa, wani maƙwabcina wani ya roƙe shi kwana ɗaya a zaure ya ji tausayi ya bari, bayan kwana uku aka zo aka tafi da maƙwabcin nawa, sai da ya yi kusan sati a tsare yana amsa tambaya kan mutumin da ko sunansa na gaskiya bai sani ba, kuma da aka sake shi wa kuke zaton ya ciyar da yaransa a satin? Ni kaina an yi min, wani ya tashi bayan sallar la'asar yana hawaye wai an yanke masa aljihu yana neman na mota zuwa Marwa, na ba shi jaka 7 cikin kuɗin kanti, sati bai cika ba na gan shi a wani masallaci tsallaken gadar Ngeli, ɓangaren Njamena, da hawayen nan dai da labarin nan dai, garin kawai ya canza ya ce Mundu.

Amma ba ma wannan ne ya dame ni ba. Ku da kuke zagin kuɗi kun manta kuɗi ne ke kwance wa talaka igiya. Alherin da ba ya biyuwa wani lokacin tarko ne wlh. Nawa muka sani yaron Alhaji ya yi shekara 15 a shago ba albashi, ana ce masa ai kai ɗan gida ne mu da kai ba lissafi, ranar da ya buɗe baki a ce butulu, an ci da shi an sha da shi. Da albashi aka yanka masa ko jaka 30 ne da ya san abin da ya tara. Haka mai neman ƙuri'a, buhun shinkafarsa ai kyauta yake kiranta. Ni in na sauka garin da ban san kowa ba gara in biya jaka 5 in kwana in tashi ba wanda zai ce shekara goma baya na taɓa yi maka kaza.

Kuma ɗan'uwa ka tuna da kyau, a daren nan me ya karɓo allurar? Takardun cikin leda ne. Da dattijon zuciya kawai gare shi ba leda da yanzu wani labarin kake ba mu, Allah ya kiyaye. Matsalar ba kuɗi ba ce, wanda ke riƙe da su ne, da kuma kai da ka kama hanyar kusan kilomita 300 da mace da yaro ka bar komai a waya. Ba ka ga abin da ya sami 'yan Najeriya farkon 2023 ba da aka canza naira, mutum da miliyan a banki yana roƙon na koko? Ni ra'ayina dattijo ya yi alheri Allah ya biya shi, amma mayar da kuɗin akwai ɗan girman kai a ciki, manomi ne, jaka 25 ai ta rage masa kuɗin taki.

Maman_Ikram_Domayo:

Tun ɗazu nake karantawa ina dariya, duk maza ne ke ta yabon dattijo. Ƙanina in tambaye ka, wa ya ɗebo ruwan da kuka yi wanka? Wa ya hura wuta ya daka doya, wa ya zauna da matarka tana kuka har asuba? Kazar ma da ka yanka ta wa ce, a ƙauye kaza ai ta mace ce, wataƙila ita take jira ta yi ƙwai ta sayar ta sai gishiri. Ka rubuta mana labari mai tsawo ko sau ɗaya ba ka ce matarsa ba. Ba faɗa nake maka ba haka kuke duka, maigida ya ce bismillah ku shigo, a kicin ake biyan bismillar.

Ni na ɗanɗana shi ya sa. A 2014 da aka watse daga Amcide da Kolofata saboda Boko Haram mutane suka cika Marwa, maigidana ya dawo daga tasha da mutum bakwai, mace da mijinta da tsohuwa da yara huɗu, ba dangin iya ba na baba, ya ce kwana biyu ne kafin su san inda suka nufa, wasu a lokacin ana kai su sansanin Minawawo na 'yan gudun hijirar Najeriya amma su 'yan ƙasa ne ba nasu ba ne. Kwana biyun nan wata biyar ya zama. Mudu biyu nake tuƙawa ya koma biyar, adashina da na ɗauka don in sai keken ɗinki a tukunya ya ƙare, akuyata ma ta bi. Shi kuma a masallaci ana ta Alhaji mai alheri Alhaji mai alheri, wlh akwai daren da na shiga bayi na yi kuka don haushi, kuma na fito na zuba musu tuwo ina murmushi. To ban yi nadama ba, matar nan ita ta riƙe ni a haihuwar Ikram da jini ya ɓalle min maigida yana Duwala, yanzu suna Mora, duk shekara buhun albasa na zuwa. Amma kar wanda ya ce min kyauta ce ta faɗo daga sama, akwai wadda ta biya.

Maganar lissafin da ba a rufewa da Baba ya yi, mu mata mun riga ku sani. Biki kenan. Ki kawo min jaka biyu a sunana in kai miki huɗu a naki, da gangan ake ɗorawa don kar a yi daidai, ranar da ƙawarki ta mayar miki daidai abin da kika kai to ki san ta gaji da ke. Kai jaka 25 ɗinka kamar mayar da daidai ne.

Shawarata ka cire kanka daga ciki. Ka ba madam kuɗin ta sai turmin atamfa mai kyau da tukunya da kaji biyu masu rai, ta je ta kai wa tsohuwar da hannunta ta ce Inna ga tsarabar jikanki. Ba mace da za ta mayar da wannan, shi ma dattijon ba shi da bakin magana tunda ba shi aka ba.

Abba_Njamena:

Salam daga tsallaken ruwa. Mai kanti na ji ka kuma rabin maganarka gaskiya ce, amma bari in tuna maka wani abu da garinku ya yi mana. Fabrairun 2008 da 'yan tawaye suka shigo Njamena ina ɗan shekara 14, muka bi gada da ƙafa cikin dubban mutane, babana yana da kuɗi a banki bankin a kulle, abin da ke hannunsa ko riyal dubu bai kai ba, mu nan sefa biyar muke kira riyal kamar dalarku. Wani tela a Kusiri ya gan mu zaune a gindin bango ya ture kekunansa gefe ya ba mu shagon, kwana tara, ba blama ba takarda. Da ya tsaya lissafin da kake yi yanzu da a titi muka kwana, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Sai Disamban 2021 abin ya juyo, rikicin Larabawa da Musgun ya iso Kusiri aka ƙona kasuwar shanu, mutane suka tsallako mana ta kwale-kwale. Babana ya sa na yi ta neman telan nan ban same shi ba, ashe ya rasu tun tuni iyalinsa sun koma wani gari. Sai ya ce to buɗe gareji, muka sauki wasu mata uku da yaransu da ba mu taɓa gani ba. Ni abin da na fahimta ranar shi ne irin wannan bashin ba lallai wanda ya ba ka shi za ka mayar wa ba, ɗan Yelwa ƙila naka mai karɓar yana nan tafe a wata motar da za ta mutu a ƙofar shagonka. Haka aka yi a Adre ta gabashin Cadi tun Afrilun 2023 da yaƙin Sudan ya ɓarke, kafin motocin ƙungiyoyi su iso mutanen gari ne suka fara raba ruwa da ɗan abin da ke rumbu, su da kansu ba wani ƙarfi gare su ba.

Abin da ni ke ƙona min rai yanzu su masu sadaka da kamara ne, a ba tsohuwa jaka 5 a sa ta ɗaga hannu tana kuka a zuba a TikTok, wannan ai ciniki ne, an sayi hawayenta da araha an sayar da tsada. Dattijonka ko hoto bai ɗauka ba.

Malam_Na_Zaure:

Assalamu alaikum. Kaɗan zan ƙara. A aya ta 60 cikin Suratut Tauba mutum takwas aka lissafa masu cin zakka, na ƙarshensu ibnus sabil, matafiyin da guzuri ya yanke masa, kuma malamai sun ce ko mai dukiya ne a garinsu in hannunsa ba ya kaiwa gare ta ana ba shi. Wato kai da jaka 200 a waya ba rezo kai ne shi sak, a daren nan haƙƙi gare ka a kan duk Musulmin da ke cikin motar nan, sai Allah ya sa wanda ba a ɗora wa zakka ba ya riga su. Wannan ya isa mu ji kunya. Hadisi ya inganta cewa liyafar baƙo kwana uku ce abin da ya ƙaru sadaka ne, kuma an umarce mu wanda ya yi mana alheri mu saka masa, in ba mu da abin sakawa mu yi masa addu'a. To niyyarka daidai ce, hanyar ce ta karkace. Kyautata wa wanda ba Musulmi ba da bai yaƙe ka ba kuwa aya ta 8 a Mumtahana ta buɗe ƙofar, kar wani ya sa maka waswasi. Mai kanti, wanda ya cuce ka jaka 7 ladanka na nan, amma sanar da blama ba ya hana saukar baƙo, a yi duka biyun.

Ɗan_Yelwa_Garwa:

Jama'a na gode ƙwarai, Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Anti Maman Ikram kin kashe ni da kunya wlh, na karanta wa madam naki ta ce ai tun a mota ta faɗa min tsohuwar zaninta ɗaya ne mai kyau kuma shi ta shimfiɗa wa yaron, ni ban ma ji ba hankalina na kan nawa zan tura.

Mun je ranar Lahadi. Atamfa da tukunya da kaji biyu kamar yadda kika ce, ni na riƙe sukari da sabulu. Sai da muka jira suka taso daga coci. Tsohuwar ta ɗauki yaron ta goya tana ta zagaya gida da shi, atamfar kuwa ko musu babu ta karɓa ta yi guɗa. Dattijo bai ta da maganar jaka 25 ba ni ma ban tayar ba, ya zaga da ni gonar doya ya nuna min kunya-kunya yadda suke tara ƙasa, rabin bayanin ban gane ba don Fillancinsa ya fi nawa nisa. Da za mu taho aka ɗaura mana doya shida a bayan mota, wato an sake ɗora min wani nauyin.

To ga inda ake. Muna sallama sai ya ce ƙaramin ɗansa zai zo Garwa wata mai zuwa rubuta konkur, jarrabawar neman gurbi, sati biyu zai yi ko uku, dama suna ta tunanin inda zai sauka. Bai roƙa ba, faɗa kawai ya yi yana kallon gona. Na ce ai yana da gida. Sai da muka hau titi na tuna ɗaki ɗaya da falo gare ni, kuma ƙanin madam ke kwana a falon, ga mai gidan hayarmu ba ya son ganin baƙuwar fuska, mita ɗaya muke da shi kullum rigimar kuɗin wuta.

Mai_Kanti_Kusiri:

Hhhhh na faɗa maka. Yanzu tsakani da Allah jaka 25 ba ta fi sauƙi ba? Ka dai kai shi wurin jauro, mai unguwarku, ya gan shi ranar da ya iso, da katinsa.

Maman_Ikram_Domayo:

Kuma ka tambayi madam kafin ka sake cewa yana da gida. Ka ƙara kuɗin cefane tun yanzu, yaron ƙauye ba ya ƙoshi da biredi da shayi.

Ɗan_Yelwa_Garwa:

An tambaye ta Anti, ta ce ƙaninta ya koma shago da kwana. Yanzu katifa nake nema, 'yan Garwa in akwai mai ta hannu ƙarama mai tsafta ya yi min magana, kar ta wuce jaka 12.